Igiyar da Manaja Ya Tsinke

Akwai wani mutum da ya yi manajan wata maɗaba'a, inda ake buga littattafai da kalanda da takardun talla. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya san aiki. Da ido kawai yake gane tawada ta yi yawa ko ta yi kaɗan, kuma bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Amma Allah ya jarrabe shi da wani hali: ba ya jure na ƙasa da shi ya gyara masa. Idan ya duba aiki ya sa hannu, to magana ta ƙare. Kome aka ce masa, amsarsa ɗaya ce, “Na sa hannu ko ban sa ba?” Har ma'aikata suka laƙaba masa Na-Sa-Hannu, amma fa a bayan idonsa.

Ba daga sama ya faɗo kujerar ba. Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, shi ya kawo shi wurin shekara ashirin da suka wuce, shi ya koya masa ɗora takarda da wanke inji. Kawu ya tsaya a kan babban injin bugu har gashinsa ya yi fari, shi kuwa ɗan 'yar'uwar tasa ya yi kwas, ya hau, ya hau, har ya samu ofis a bene mai tagar gilashi, inda yake hango kan kowa. Duk ma'aikatan Kawu suke ce wa dattijon, har waɗanda suka kusa sa'anninsa.

Maɗaba'ar tana da wata tsohuwar ɗabi'a da ba wanda ya san wanda ya fara ta. A kusurwar da ake shan shayi, an ɗaure igiya tsakanin ƙusoshi biyu. Duk aikin da za a buga, sai a tsayar da inji bayan fallen farko ya fito, a rataye fallen a igiyar nan. Kowa ya zo da kofinsa ya duba: mai yankan takarda, masu ɗinkin littafi, direba, mai shara, har maigadi. Wanda ya kama kuskure, shi ke da kujera mai katifa guda ɗaya tilo da ke wurin, na mako guda cur, sauran kuwa su zauna a benci. Abin ba ya wuce minti ashirin, kuma rabinsa raha ce da tsokana.

Wadda ta fi kowa zama a kujerar nan ita ce Inna mai ninki, wata dattijuwa da ke kula da ninke takardu su zama littafi. Ita ba karanta fallen take yi ba. Sauke shi take yi daga igiya, ta ninke shi da hannu, ta tsaga bakinsa da 'yar wuƙa, ta bi lambobin shafuka ɗaya bayan ɗaya tana motsa leɓe. Dogo mai yanka, sarkin barkwanci, yakan ce katifar kujerar ta riga ta ɗauki siffar Inna, ko wani ya ci ba zai ji daɗin zama ba.

Wata rana aka rataye fallen kalandar wani kamfanin sabulu, da sa hannun Manaja ɓaro-ɓaro a gefe. Inna ta bi kwanaki da yatsa, sai ta tsaya.

Ta ce, “Af! Wannan watan ai kwana talatin ne, ga shi an ba shi talatin da ɗaya.”

Dogo ya leƙa, ya tafa hannu, ya ce, “Alhamdu lillahi! Yallaɓai ya ƙara mana kwana ɗaya a duniya. Tambayata ɗaya ce, ranar aiki ce ko ta hutu?”

Aka kwashe da dariya. Ba da mugun nufi aka yi ba, don ranar da Kawu ya yi nasa kuskuren abin da aka yi masa ya fi haka, kuma da shi aka yi dariyar. Amma Manaja yana tsaye a matakala, ya ji kome. Ya koma ofis fuskarsa a murtuke. Bai tuna cewa an ceci kalanda dubu goma daga kwandon shara ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne mai ninki ta gyara masa a gaban mai shara, kuma ya ƙulle abin a ransa.

Ana cikin haka mai kamfanin ta kira shi. Wata dattijuwa ce mai ƙarancin magana, maɗaba'a biyu take da su, wannan da wata a ɗaya gefen gari. Ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa aiki ya ragu, mutane sun koma tallata kayansu a waya, ba za ta iya riƙe wuri biyu ba. Cikin wata huɗu za ta rufe ɗaya.

Ta ce, “Akwai littafin lissafi na 'yan makaranta, kwafi dubu sittin, ana so kafin a koma hutu. Ku zan ba. Idan kun fitar da shi lafiya a kan lokaci, ku za ku zauna. Ka je ka gaya wa mutanenka, su san abin da ke gabansu.”

Ya ce, “An gama, ranki ya daɗe.”

Amma bai gaya musu ba. A hanya ya yi tunaninsa ya yanke shawara shi kaɗai. In ya faɗa, kowa zai kawo tasa dabarar, kuma in an tsira za a ce “mun” yi. Shi kuwa so yake a ce “ya” yi. Da ya isa gida ya ba matarsa labari, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi.

Ta ce, “Maigida, mutum arba'in da biyu ne fa, kowa da iyalinsa. Ko Kawu ba za ka gaya wa ba?”

Ya ce, “Ke dai ki zuba ido. Ranar da na cece su za su sani.”

Washegari ya sauko da almakashi a hannu, lokacin shayi, kowa na wurin. Ya tsinke igiyar nan, ya dunƙule ta ya jefa a kwando. Ya ce daga yau ba mai tsayar da inji don a yi kallon takarda, wannan wurin aiki ne, ba dandalin hira ba. Ya sa aka ɗauke kujera mai katifa aka kai ofishinsa don baƙi. A bangon da igiyar take, ya sa aka kafa farin allo. Duk wanda ya tsayar da inji, a rubuta sunansa da mintin da ya ɓata. Wanda sunansa ya hau sau uku a wata, ya kama gabansa.

Kawu ne ya yi ƙarfin hali ya ce, “Ɗan nan, igiyar nan ta girme ka a gidan nan.”

Manaja ya ce, “Shi ya sa ta tsufa, Kawu. Kuma don Allah, a wurin aiki Manaja nake.”

Kai, girman kai bai yi ba! A watan farko abin ya yi kamar ya yi kyau. Injuna ba sa tsayawa, lambobin da yake aika wa mai kamfani kullum sama suke yi. Abin da bai gani ba daga tagarsa shi ne yadda jikin mutane ya yi sanyi. Wanda ya ga tawada ta fara dusashewa sai ya kau da kai, don tsayawa laifi ne. Wani mai ƙaramin inji ya tsaya sau uku saboda takarda tana yagewa, aka sallame shi, alhali shi ke da gaskiya. Mai tsara shafuka, wanda ke jera su a kan farantin ƙarfen da ake bugawa da shi, ya ga abin ba nasa ba ne, ya ajiye aiki ya tafi. Dogo ya daina barkwanci. Kowa ya sha shayinsa a tsaye a gefen injinsa, ana tashi kuwa kowa ya zari jakarsa ba ko sallama.

Da littafin lissafi ya iso, Manaja bai nemi wani mai tsara shafuka ba, ya ce shi zai yi da kansa. Ya kuma zo da sabuwar dabara. A da shafi goma sha shida suke bugawa a falle guda, takwas gaba, takwas baya. Shi sai ya sayo babbar takarda, ya ce talatin da biyu za a buga, aiki ya ragu da rabi. Dabarar ba laifi. Ya zauna kwana biyu ya jera shafukan, aka yi farantai. Fallen farko ya fito, ya shimfiɗa shi a tebur, ya duba gaba, tas. Ya juya baya, tas. Tawada daidai, hotuna daidai. Ya sa hannu. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai ninke fallen ba, don rabonsa da ninke takarda da hannunsa ya fi shekara goma.

Inji ya kama aiki. Kawu kuwa, sabo ya hana shi sakat. Ya zare falle ɗaya ya ɓoye a rigar aikinsa, ya bi ta bayan tarin takardu ya miƙa wa Inna. Ta ninke ta wannan hanya, ta warware, ta ninke ta waccan, ta sake warwarewa. Ta ciro jan fensir daga ɗankwalinta ta zagaye lambobi biyu.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Kawu, ni dai duk yadda na juya, bayan shafi na biyar ashirin da takwas nake gani. Ko wani sabon ninki ne da ban sani ba?”

Kawu ya ce, “Ni ma ban taɓa buga talatin da biyu ba. Bari in kai masa ya gani.”

Ya hau matakala da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya tarar da Manaja yana waya da mai kamfani, yana cika baki cewa kwana shida za su gama bugu. Da ya ajiye wayar, Kawu ya miƙa masa ninkakken fallen.

Ya ce, “Ɗan nan, ka duba wannan. Inna ta ninke, ta ce…”

Jin sunan Inna kawai, Manaja ya ɗaga hannu. Kalandar nan ta dawo masa sabuwa fil.

Ya ce, “Wa ya ba ta falle? Ba na hana ba? Kawu, wannan sabon tsari ne, ba irin wanda kuka saba ba. Kwas na yi a kansa. Na sa hannu ko ban sa ba?”

“Ka sa.”

“To ka koma kan injinka. In ya tsaya, wallahi sunanka zai hau allo kamar na kowa.”

Ran Kawu ya ɓaci ƙwarai, don yaron da ya goya ne yake gaya masa haka. Ya ajiye fallen a kan teburin, ya ce, “Ga shi nan dai, in ka samu sarari.” Ya juya ya sauka. Manaja ko kallon takardar bai yi ba. Da aka kawo masa shayi, ya ga ta yi daidai da abin ɗora kofi, sai ya ɗora a kai.

A ƙasa Inna ta tari Kawu da ido. Ya ce mata, “Na kai masa. Ya ce sabon tsari ne.” Ta ce, “To, shi ya yi karatun.” Dogo da ke jin su ya ce, “Mu ina ruwanmu? Takardar ubanmu ce?” Haka aka bar maganar. Ba wanda ya san cewa abincinsu gaba ɗaya yana cikin fallen nan, don wanda ya sani bai faɗa ba.

Kwana shida inji yana ruri. Injin ninki yana kan wani aikin, kuma Manaja ya ce sai an gama bugu duka kafin a fara ninkewa. Takardu suka taru a kan katakai har sun fi tsayin Dogo. Kullum da safe a kawo wa Manaja shayi, kullum ya ɗora kofin a wuri guda.

Rana ta bakwai ya gayyato mai kamfani ta zo ta ga yadda ake aiki. Ya sa sabuwar riga, ya zagaya da ita yana nuna tarin takardu da farin allo. Suka tsaya a gaban injin ninki, aka kunna, ninkakkun shafuka suka fara fitowa. Mai kamfani ta ɗauki ɗaya, ta sa tabarau, ta buɗe. Ta juya shafi. Ta sake komawa baya.

Ta ce, “Manaja, darasin tarawa ya fara a nan, na juya sai na ga rabawa. Ina shafi na shida?”

Ya karɓa yana murmushi, ya ce wataƙila an saita injin ba daidai ba. Ya ɗauki falle da kansa ya ninke. Ya warware ya sake. Sai ya ɗaga fallen sama ya duba ta hasken taga, ya ga lambar da ke bayan biyar. Ashe lokacin da yake jera shafukan baya ya juya tsarin, kan ya koma ƙasa. Da tsarin nan guda ya jera littafin duka. Ba ninkin da zai gyara, don shafi na biyar da na ashirin da takwas suna jikin takarda ɗaya, gaba da baya. Kwafi dubu sittin, ba ko ɗaya da yaro zai iya karatu da shi.

Aka kashe injuna. Mai kamfani ba ta ɗaga murya ba. Ta ce su hau ofis, a kira mata Kawu da Inna.

Ta ce, “Kwana shida kuna bugawa, ku wajen arba'in. Ba wanda ya gani?”

Manaja ya buɗe baki zai ce babu. Sai Kawu ya riga shi. Ya matso teburin, ya ɗaga kofin shayin, ya zaro abin da ke ƙarƙashinsa ya miƙa mata. Fallen nan ne, a ninke yadda Inna ta ninke shi, da zoben shayi a kansa, zobe kan zobe. Ta buɗe. Ga biyar an zagaye da jan fensir, ga ashirin da takwas a bayanta.

Ta ce, “Tun yaushe wannan yake nan?”

Kawu ya ce, “Tun ranar farko, ranki ya daɗe, kafin azahar.”

Ta juya ga Kawu ta ce, “Kai kuma da ka san wannan aikin ne zai hana a rufe wurin nan, me ya sa ba ka kashe injin ba?”

Kawu ya yi sororo. Ya ce, “A rufe? A rufe ina?”

Nan mai kamfani ta gane sauran labarin. Ta cire tabarau ta dubi Manaja, shi kuwa ya kasa ɗaga kai. Kawu ya dafa bango, ya ce, “Ɗan nan, da ka gaya mini wannan aikin ne numfashinmu, wallahi da na kwanta a gaban injin nan, ka rubuta sunana sau ɗari.”

Ba takarda, ba lokacin sake bugu a wurinsu. Wanda ya ba da kwangilar littafin ya fusata, da ƙyar mai kamfani ta lallashe shi aka mayar da aikin ɗaya maɗaba'ar. Bayan mako biyu aka manna sanarwa a jikin farin allon nan: ƙarshen wata za a rufe. Mutum tara kawai aka ɗauka zuwa can. Kawu da Inna an ce shekarunsu sun ja. Manaja kuwa ba a ko ambace shi ba.

Ranar ƙarshe wasu baƙi suka zo da manyan spanoni suna kwance babban injin. Manaja ya sauko daga bene ɗauke da kujera mai katifa a kansa, shi da bai taɓa ɗaukar ko kwali a gaban ma'aikata ba. Ya kai ta kusurwar shayi, inda ƙusoshin nan biyu suke a bango har yanzu. Ya ajiye a gaban Inna, ya durƙusa.

Ya ce, “Inna, taki ce, ke kika ci. Ku yafe mini, dukanku. Ni na kashe wurin nan.”

Dogo ya juya baya yana share ido da hularsa. Kawu ya kama kafaɗar ɗan 'yar'uwarsa ya ɗaga shi tsaye. Inna ta dubi kujerar, ba ta zauna ba. Ta gyara jakarta a kafaɗa.

Ta ce, “Na yafe maka, ɗana, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni ban yi kwas ba, karatun ma ban iya sosai ba. Abin da na sani kawai, bayan biyar shida ke zuwa. Shi na aiko a gaya maka.”

Ta fita, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Maigadi ya tsaya a bakin ƙofa da kwaɗo a hannu, yana jiran Manaja ya fito ya kulle.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, shugaban da ya toshe bakin mutanensa ya rufe nasa idon ne da hannunsa. Kome ilimin mutum, akwai abin da na ƙasa da shi yake gani wanda shi ba ya hangowa daga bene, kuma gyara ba cin fuska ba ne, ko daga bakin wa ya fito. Idan aka mayar da faɗin gaskiya laifi a wurin aiki, mutane za su yi shiru, kuskure kuwa ba zai daina girma don an yi shiru ba. Haka kuma, wanda kuke cikin hatsari ɗaya da shi yana da haƙƙin ya sani, don ba wanda zai tsaya kai da fata a kan abin da aka ɓoye masa. Saboda haka, in Allah ya ɗora ka a kan mutane, ka gaya musu gaskiyar halin da ake ciki, kuma in ɗayansu ya hau matakala ya miƙo maka takarda, ka buɗe ka duba kafin ka ɗora kofi a kai.